Jadawalin cikar teku: wanne ya dace da mai harbin agwagi a gaɓar Wash?

Duk wanda ya shiga ƙungiyar masu harbin agwagin daji a gaɓar tekun Ingila, kafin a tambaye shi irin bindigarsa sai an tambaye shi da wane jadawali yake aiki. Haka aka yi mini a ƙungiyarmu ta kudancin Lincolnshire, a bakin mashigin tekun da ake kira Wash. Tun daga nan na yi aiki da ɗan littafin da ake sayarwa a shagon kayan kamun kifi, da shafin EasyTide na intanet, da wata manhajar waya da na saya da kuɗina. Na ga ya kamata in faɗi yadda na same su, don 'yan uwanmu sun fara yawa a garuruwan nan na gabas, su Boston da King's Lynn da Peterborough, kuma ko ba ka farauta, wata rana yara za su ja ka zuwa bakin teku.

Mu da muka taso a fadamun Hadeja da Nguru mun saba da ruwan da ke kawowa sau ɗaya a shekara, a hankali, har ka ga yadda yake cin gona taku bayan taku. Na nan kuwa sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa cikin awa 24 da kusan minti 50. Wash fili ne shimfiɗaɗɗe na taɓo da yashi inda koguna huɗu ke zubowa: Witham da Welland da Nene da Great Ouse. Daga ganuwar ƙasar da aka tare teku da ita, sai ka ratsa fadamar gishiri mai cike da ƙoramu masu zurfi kafin ka isa inda tsuntsaye ke wucewa. Waɗannan ƙoramun su ne matsalar. Ruwa ba ya zuwa maka ta gaba ka gan shi. Ta cikinsu yake zagayowa ya cika su a bayanka, kai kana can kana kallon sama. Ƙoramar da ka tsallake da tafiya, ruwanta iya idon sawu, idan ka dawo sai ka tarar ta shanye mutum a tsaye. A nan ne ma tarihi ya ce ruwa ya cinye kayan Sarki John na Ingila a 1216, saboda haka abin ba na yau ba ne.

Ɗan littafin shi na fi so. Kuɗinsa bai wuce na shayi da biredi a tasha ba, yana shiga aljihun riga, kuma ya ƙunshi shekara guda cur. Wannan na ƙarshe shi ne babban amfaninsa ga irina, mai aikin karɓa-karɓa da sai ya nemi hutu tun saura makonni. Lokacin harbi yana buɗewa ran 1 ga Satumba, ya rufe ran 31 ga Janairu a kan tudu, amma a ƙasan iyakar cikar teku doka ta ƙara wa'adi har 20 ga Fabrairu. Tun a watan Agusta nakan zauna da littafin da biro, in zagaye ranakun babbar cika, in kai takardar neman hutu. Abokanmu na ɓangaren Norfolk sun fi mu buƙatar wannan lissafi, domin a can doka ta hana harbin agwagi ranar Lahadi.

Sai dai littafin ba ya lallashi. Lambobi ne ƙanana a jere, babu zane, kuma nawa da agogon GMT aka buga shi, da ɗan gargaɗi a ƙasan shafi cewa a ƙara awa ɗaya a lokacin bazara. Agogon Birtaniya ba ya komawa baya sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba, wato watanni biyun farko na farauta duk a cikin wannan tarko suke. Dabarar da nake koya wa namu ita ce: daga buɗewar farauta har ƙarshen Oktoba agogon Ingila daidai yake da na Kano, littafin kuma yana bayan Kano da awa guda. Wanda ya manta da wannan zai yi tsammanin ruwa tun awa ɗaya kafin ya zo, wannan da sauƙi, sai dai ya sha sanyi. Mai hatsarin shi ne a watan Nuwamba ka ci gaba da ƙara awar da ba ta nan, ka zaci kana da sauran lokaci alhali ruwa ya riga ya kama hanya.

EasyTide na hukumar UK Hydrographic Office ne da ke Taunton, wadda tun 1795 take zana wa jiragen ruwan Birtaniya taswira. Kyauta ne, kuma yana ba da hasashen wurare sama da 600 a tsibiran Birtaniya. Mako guda yake nunawa, don haka ba a tsara hutu da shi, amma a daren da zan fita shi nake buɗewa. Abin da ya sa kuwa zanen da ke ciki ne, wanda ke nuna yadda ruwan zai hau ya sauka awa bayan awa. Littafi lokacin cika da tsayinta kawai yake faɗa maka, alhali mafarauci ya fi buƙatar sanin yaushe ruwa zai kai tsayin da zai toshe masa hanya. Akwai tsohon lissafi na matuƙa jirgi: a raba tazarar da ke tsakanin janyewa da cika gida 12, awar farko ruwa ya hau kashi 1, ta biyu 2, ta uku da ta huɗu 3 kowacce, sannan 2, sannan 1. Idan tazarar mita 6 ce, a kowace awa ta tsakiya ruwa zai tashi mita ɗaya da rabi. A wuri shimfiɗaɗɗe irin Wash, mita ɗaya da rabi fili ne mai faɗin gaske. Lissafin kintace ne, kuma a cikin mashigi ruwa ba ya bin sa sau da ƙafa, shi ya sa zanen ya fi shi.

Yanzu ga inda na fi ganin sababbi suna ruɗewa: zaɓen tashar da za a duba. Hasashe mai cikakken ma'auni na manyan tashoshi ne, kuma babbar tashar da ake jingina wannan gaɓa da ita ita ce Immingham, can a bakin kogin Humber. Ƙananan wurare irin su Boston da Hunstanton da Skegness daga nata ake ciro nasu, a ƙara ko a rage mintuna da tsayi. Kamar jadawalin sallah ne: na Kano ba ya yi wa mutumin Maiduguri aiki sai ya san mintunan da zai rage. To kuma ba lokaci kaɗai ke bambanta ba, har inda ake fara awon tsayi. EasyTide daga ma'aunin taswirar jiragen ruwa yake aunawa, wanda ya yi kusa da mafi ƙasƙancin janyewar teku. Taswirorin tudu daga matsakaicin tsayin teku na Newlyn da ke Cornwall suke farawa. Wasu littattafan tashoshi kuma daga dokin ƙofar madatsar jiragensu suke aunawa. A Immingham bambancin biyun farko mita 3.9 ne, wato cikar da wani ya rubuta 7.3, wani zai rubuta ta 3.4, ruwan kuma ɗaya ne.

Wani dattijo a ƙungiyarmu, wanda ya fara shiga wannan fadama tun ban san akwai Ingila ba, shi ya warware mini. Ya nuna mini wata lamba a littafinsa, ya ce daga wannan tsayi ruwa ke cika babbar ƙorama, daga wancan kuma yake rufe fadamar har gindin ganuwa. Na ce to bari in duba a waya. Ya ce a'a ɗana, lambar ta wannan littafi ce, idan ka kai ta wani wuri ba ta san ka ba. Da haka na gane cewa jadawalin da ya fi shi ne wanda mutanen wurin suka daɗe suna gwada fadamarsu da shi, ko da akwai wanda ya fi shi ƙyalli. Ka zaɓi ɗaya, ka riƙe shi, ka riƙa rubuta abin da idonka ya gani a gefen kowace rana. Nawa littafin yanzu duk ya cika da rubutu: iskar arewa, ruwa ya zo da wuri, sama garau, bai ko taɓa ciyawa ba.

Manhajar wayar kuwa kyan ɗan maciji ce. Launuka, zanen igiyar ruwa mai motsi, fitowar rana da faɗuwarta, har da hoton wata. Tana gyara agogo da kanta, wannan na yaba. Amma da kanta take zaɓar maka tasha mafi kusa bisa inda wayarka take, kuma kusa a taswira ba shi ne kusa a ruwa ba: ta taɓa ɗauko mini wata tasha ta bakin buɗaɗɗen teku alhali ina cikin lungun mashigi. Ba ta faɗin inda ta samo lissafinta, ba ta faɗin daga ina take awon tsayi, kuma wasu ranakun lambobinta ba sa haɗuwa da na sauran biyun. Ga batirin waya da ke mutuwa a sanyin Janairu, ga hannu cikin safa duk taɓo. Na daina biyan kuɗinta da wa'adin ya ƙare.

Akwai kalandar da kowannenmu ke ɗauke da ita a ka, kuma abokan farautata Turawa har yau mamakinta suke yi. Babbar cika tana zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata da kuma bayan cikarsa. Ke nan idan ka san kwanan watan Musulunci, ka san rabin jadawali: wajen 2 da 3 ga wata, da wajen 16 da 17, ruwa zai yi girma, wajen 9 da 24 kuma ya yi ƙanƙanta. Mafi girma duka yakan zo wajen Maris da Satumba. A kowace gaɓa kuma babbar cika kusan lokaci ɗaya take faɗawa a yini. A Wash wajen ƙarfe shida zuwa takwas ne, safe da yamma, daidai lokacin da dinyoyi masu jan ƙafa da ke zuwa daga Iceland suke tashi daga yashi zuwa gonaki, agwagi kuma ruwa ya koro su daga taɓo. Ranar da farauta ta fi kyau ita ce ranar da za ka shiga fadama cikin duhu, bayan sallar asuba, ruwa yana kawowa. Ranakun ƙaramar cika, ruwan da tsakar rana yake cika, sau da yawa ko fadamar ba ya hawa. Sabon shiga da su ya kamata ya fara.

Abin da babu jadawalin da ya sani shi ne iska. Duk lissafin nan na motsin wata ne da rana, an yi shi tun shekara ba ta shigo ba, bisa zaton yanayi na lumana. Idan nauyin iska ya sauka ƙasa da matsakaicinsa na miliba 1013, teku yakan tashi kusan santimita ɗaya a kan kowace miliba. Idan kuma iskar arewa ta tura ruwan Tekun Arewa zuwa kudu, inda ya tsuke, sai ya taru, ya zo da wuri, ya fi yadda aka rubuta, ya kuma ƙi komawa a kan lokaci. Haka ta faru daren 31 ga Janairu 1953, inda mutum 307 suka mutu a gabashin Ingila. Haka ta sake faruwa ran 5 ga Disamba 2013, ruwa ya shiga ɗaruruwan gidaje a Boston. Maƙwabtana har yau suna nuna inda ya kai a bango. Saboda haka bayan EasyTide nakan duba hasashen iskar gaɓa na Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, yankin Gibraltar Point zuwa North Foreland. Idan na ga arewa da ƙarfi a ranar babbar cika, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Masu son zurfafawa su leƙa shafin NTSLF, cibiyar auna tsayin teku ta Liverpool, wadda ke ba da hasashen kwana 28 na tashoshin da take da ma'auni, ciki har da Immingham da Cromer, tana kuma nuna ainihin tsayin da aka auna a gefen wanda aka yi hasashe. Shafin ba shi da kwalliya, amma a nan kake ganin da nawa teku ya saɓa wa takarda.

Kada kowa ya karanta wannan ya ɗauki jadawali ya nufi fadama shi kaɗai. Sai da lasisin bindiga daga 'yan sanda, sai da izinin ƙungiyar da ke riƙe da wurin, yawancinsu kuma ƙarƙashin BASC suke, babbar ƙungiyar masu harbi ta Birtaniya wadda ta samo asali tun 1908. Tamu ba ta barin sabo ya fita sai da wani tsohon hannu, har ya san ƙoramu ya kuma iya bambance tsuntsun da aka halatta da wanda doka ta kare. Harsashin dalma haramun ne a kan agwagi a Ingila tun 1999. Kamfas da tocila da usur ba sa barin aljihuna saboda hazo, kuma kafin in fita nakan rubuta wa uwargida lokacin cika da lokacin da ya kamata ta ji muryata. Idan ya wuce, ta kira 999 ta nemi masu gadin gaɓa.

Ga mai tambayar me zai saya: ɗan littafin da 'yan ƙungiyarka ke aiki da shi, a saka shi a leda, a haɗa da EasyTide da hasashen iska a daren fita. Littafin daga Janairu zuwa Disamba yake, farauta kuwa tana tsallaka sabuwar shekara, don haka kaka guda littafi biyu take ci. A nemi na baɗi tun a Nuwamba, domin a shagon da nake saye kafin hutun Kirsimeti yake ƙarewa.