Kekuna huɗu cikin shekara hamsin: wanne ya biya kuɗinsa?

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, matasan unguwarmu da ma wasu sa'o'ina suke tsayar da ni a ƙofar masallaci suna tambayata irin keken da ya kamata su saya, domin sun san na daɗe a kan sirdi. Kekuna huɗu na mallaka daga 1975 zuwa yau, kuma na ga ya fi dacewa in bayyana yadda kowanne ya yi mini aiki, saboda mai niyyar saye ya auna da buƙatarsa. Ma'aunina ba ƙyalli ba ne, kuma ba gudu ba ne. Abin da nake dubawa shi ne ko keke zai ɗauki kaya a kan burji da rairayi, kuma idan ya lalace a ƙauye, ko mai gyaran da ke gindin bishiya zai iya tayar da shi da kayan aikin da ke cikin akwatinsa.

Na farko Raleigh ne, wanda kowa ke kira Rali. Na saye shi a Kano a farkon 1975 da kuɗin ariyas na ƙarin albashin Udoji, lokacin ina sabon malamin firamare a wani ƙauye na ƙasar Wudil. Abokan aikina da yawa babur suka nufa a wannan shekarar, amma mahaifina ya ce mini: "Ɗana, sayi abin da ba zai tambaye ka abinci kullum ba." Baƙi ne wuluk, mai taya inci 28, da birkin ƙarfe, da murfin da ya rufe sarƙa gaba ɗaya, da sirdin fata mai sifirin, ga tambarin kan zalɓe a goshinsa. Asalin kamfanin a birnin Nottingham na Ingila yake, sunan ma daga wani titi na birnin aka ɗauko shi, kuma ya samu karɓuwa a ƙasar nan har ya kafa masana'anta a Kano. A wancan zamani idan aka ce wane ya sayi Rali, maƙwabta har zuwa suke yi su yi masa Allah ya sanya alheri.

Abin da ya sa har gobe nake sa shi a gaba shi ne ingancin ƙarfensa da sauƙin ƙirarsa. Babu wani ɓangare nasa da ke ɓoye wa mai gyara. Boris ɗinsa ƙwayoyi ne warwatse, ana kwance su a wanke da kananzir, a cika mazauninsu da giris, a jera su ɗaya bayan ɗaya, a mayar a ɗaure. Na sha zama a kan benci ina kallon wani dattijo mai gyara a bakin kasuwar Wudil yana wannan aiki: yakan shimfiɗa tsumma a ƙasa don kada ƙwaya ɗaya ta gangara cikin ƙasa, yakan ɗaga kowace ya duba ta a hasken rana, wadda ta fara cin jiki ya ware ta gefe. Idan ya gama sai ya kifa keken a kan sirdi da kai, ya juya ƙafar baya, ya kara kunnensa kusa da ita. Shi ne ya koya mini cewa kotar feda da guduma ake zaunar da ita, noti riƙe ta kawai yake yi, kuma wanda ya ce zai ja ta da sifana sai ya cinye zaren ya koma sayen wata. "Malam," in ji shi, "idan ka ji feda ta fara ƙas-ƙas, kada ka kwana ba ka kawo ba, don idan ramin ya buɗe sai an sake hannun fedar gaba ɗaya." Wannan shawara ta cece ni daga asara mai yawa.

Shekara bakwai na yi ina hawansa kullum, rani da damina, tsakanin gida da makaranta, kuma bayan da aka fara shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976 aka riƙa aika mu ƙauyuka rubuta sunayen yara, duk a kansa na yi wannan yawo. Na ɗauki buhun gero a kariyarsa, na ɗauki damin littattafai da kwalayen alli, na goyi mai ɗakina zuwa asibiti da tsohon ciki, ina tuƙi a hankali ina kauce wa ramuka. Babbar tayar nan ta inci 28 ita ce sirrin daɗinsa, domin tana haye ƙananan ramuka ba tare da ta jijjiga mutum ba, kuma zaman da ake yi a kansa a miƙe yake, baya ba ya ciwo. Bodinsa bai taɓa tsagewa ba. Abin da na riƙa sauyawa bai wuce taya da tub da robar birki da 'yar robar bawul ba, sai faci da ba ya ƙirguwa, wanda wannan laifin tsidau ne da ƙayar aduwa.

Akwai abubuwa biyu da duk mai son irin wannan ƙira ya kamata ya sani, ko wane kamfani ne ya ƙera ta. Na farko nauyi: keken ya doshi kilo 20, kuma da yake giyarsa ɗaya ce, idan aka zo hawa ko rairayi mai zurfi sai mutum ya sauka ya tura. Na biyu birkin ƙarfe, wanda ke jawo roba ta matse cikin gargare, ba ya kamawa sosai idan gargaren ya jiƙe, don haka a ranar ruwa tun daga nesa ake fara rage gudu. Wanda ya san da waɗannan ya shirya musu ba zai sha mamaki ba.

A 1982 na sayi babur, na ba ƙanena Ralin. Baburin ya yi mini amfani na wasu shekaru, amma da gwamnati ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, albashin malami kuwa bai bi su ba. Na sayar da shi na koma kan keke, kuma a nan ne Phoenix ya shigo rayuwata, a 1988.

Phoenix ƙirar birnin Shanghai ne na ƙasar Sin, sunan da aka san shi da shi tun ƙarshen shekarun 1950, kuma duk wanda ya dube shi ya san tsarin kekunan Ingila aka bi: taya inci 28, birkin ƙarfe, baƙin fenti mai zanen ruwan zinare, da tsuntsu mai dogon bindi a goshi. Nawa mai sanda biyu ne, irin wanda 'yan kasuwar ƙauye suka fi so saboda ɗaukar kaya. Gaskiya na saye shi ne da ɗan shakku a raina, domin mu da muka saba da Rali muna ganin babu na biyunsa. Shakkun bai kai shekara ba ya gushe. Kuɗinsa ya gaza na Rali nesa, aikin da yake yi kuwa kusan ɗaya ne, kuma ya fi shi da abu guda mai muhimmanci, wato yalwar kayan gyara. Babu kasuwar mako da za ka je ka rasa mai tebur da ya baza sarƙa da firiwil da feda da kota da robar birki da suka dace da shi, a farashin da talaka zai iya. Na taɓa tsinka sarƙa da la'asar a hanyar Gaya, na tura keken zuwa ƙauye na gaba, wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba ya ɗauko ƙusa da guduma da wani tsohon noti, ya fitar da gaɓar da ta karye, ya haɗa ragowar, na isa gida kafin magariba.

Na kai shi wurin mai walda aka ƙara wa kariyar ƙarfe biyu da suka sauka har kan aksil na baya, kuma na sa aka ɗaure ƙafar baya da wayoyi masu kauri. Bayan wannan gyara babu abin da bai ɗauka ba, daga jarkoki huɗu na ruwa a lokacin bazara zuwa buhun taki da damin harawa. Shekara ashirin da ɗaya ya yi a hannuna kafin in miƙa wa ɗana da ke sakandare. Idan aka auna kuɗin da aka kashe da aikin da aka samu, a cikin huɗun babu wanda ya kama ƙafarsa.

Na uku ba zan daɗe a kansa ba. Bayan na yi ritaya a 2009 na ga wani sabon keke a shago, ja mai sheƙi, da sifirin gaba da baya, da giya barkatai, da wani suna da aka manna da takarda wanda ban taɓa jin sa ba, farashinsa kuma ƙasa da yadda siffarsa ta nuna. Cikin wata uku fedar roba ta tsage, giyar ta daina zama inda aka sa ta, gargaren baya ya karkace har yana gogar birki. Sifirin ɗin tsakiya shanye ƙarfin mutum yake yi, kana taka feda keken yana lotsawa maimakon ya ci gaba, kuma saboda shi babu inda za a kafa kariya. Mai gyaran unguwarmu ya juya shi ya ce: "Baba, wannan ƙarfen gwangwani ne, duk kusar da na ɗaure zarenta cinyewa yake yi." Araha ba ta ado. Ban kai shekara biyu da shi ba na sayar wa 'yan gwangwan. Har yanzu ina ganin ire-irensa a shaguna, kuma abin da ke damuna shi ne iyaye ne suka fi sayensu wa 'ya'yansu 'yan makaranta, da kuɗin da aka tara da ƙyar.

Daga nan na yi shekaru ina hawa jefi-jefi, sai tsadar mai ta 2023 ta mayar da ni kan sirdi sosai, ina da shekara saba'in, gwiwoyina kuma ba kamar da ba. Wannan karon na hannu na nema, cikin waɗanda ake shigowa da su daga Turai ta Kwatano. Taya inci 26 gare shi, birkin waya, giya 21, uku a gaba bakwai a baya, kayan giyar na kamfanin Shimano ne na ƙasar Japan. Na tafi kasuwa da mayen ƙarfe a aljihuna, domin da yawa daga cikin waɗannan kekuna bodinsu na goran ruwa ne, wanda ba shi da nauyi amma idan ya tsage mai waldar bakin titi ba zai iya haɗa shi ba. Wanda mayen ƙarfen ya kama shi na ɗauka. Na kuma duba bawul ɗin, na zaɓi mai kauri irin na mota, saboda kowane mai faci zai iya ba shi iska, saɓanin siririn nan da sai da famfo na musamman. Sai na tsaya a bayansa na hangi ƙafafun biyu ko suna kan layi ɗaya, na shafa ƙasan sanda kusa da wuya ko akwai kumburi ko tsagewar fenti, alamar ya taɓa yin karo.

Ga dattijo, giya rahama ce. Hawan da a da nake sauka in tura, yanzu ina zaune nake haye shi, numfashina bai sarƙe ba, kuma birkin yana kamawa ko da ana ruwa. Sai dai ya zo babu kariya, babu madigadi, babu murfin sarƙa, duk sai da na sa aka yi masa, kuma duk da haka sai na naɗe ƙafar wando na tattara riga kafin in hau, domin ba a ƙera shi da tunanin mai doguwar riga ba. Zaman kansa a sunkuye yake, sai da na sauya kan da mai tsayi. Babbar matsalarsa ita ce gyara: sarƙarsa siririya ce, tana saurin ci a ƙurarmu, kuma ranar da haƙoran baya suka cinye sai da na shiga birni, don mai gyaran unguwa ba shi da makullin kwance su. A cikin gari wannan ƙaramar wahala ce, amma ga mutumin ƙauye yana iya zama ajiye keke na wata guda.

Saboda haka amsar da nake ba masu tambayata ta danganta da inda mutum yake da abin da zai ɗauka. Manomi da ɗan kasuwar ƙauye da mai sayar da ruwa, baƙin keke mai taya inci 28 nake nuna musu, kuma idan suka samu tsohon Rali ko Phoenix mai lafiyayyen bodi, su saya su sake masa taya da boris, ya fi sabo mai sheƙi da ba a san asalinsa ba. Ma'aikaci ko ɗalibi da ke cikin gari, da dattijo irina, na hannu mai giya ya fi musu sauƙi, muddin sun je da wanda ya san keke kuma sun ware kuɗin kariya da madigadi tun farko.

Ralin nan yana ƙauyenmu har yau. Da na je sallar layya na tarar da jikan ƙanena ya ɗaura masa jarkoki zai tafi rijiyar burtsatse. Fentin ya koɗe, sirdin ba na asali ba ne, murfin sarƙar ya daɗe da ɓata, amma zalɓen yana nan a goshinsa kuma bodin a miƙe yake. Phoenix kuwa ya dawo zaurena bayan ɗana ya samu aiki a Kaduna, yana jingine kusa da mai giyar. Masallacin Juma'a da ziyarar 'yan'uwa a kan mai giya nake zuwa, ranar da za a kai masara inji kuwa Phoenix nake fitarwa.