Spider-Man a Play 4 ko a kwamfuta: wanne ya dace da ɗan Yamai?

Ƙanena ya tara ƴan kuɗinsa na hutu, ya same ni da yamma muna shan shayi a fada, ya ce: "Yaya, wai Spider-Man na kwamfuta ya fi na Play kyau, shi zan saya." Na ce masa ya nuno mini kwamfutar tasa. Da ya buɗe ta, ta rubuce-rubucen makaranta ce, ba ta da katin hoto na daban, RAM ɗinta jiga 4. Na ce: "Ƙanena, wannan ko Peter Parker, wato Spider-Man ɗin, bai fito daga ɗakinsa ba za ta soma kuka."

Gaskiyar yaron ce ta wani ɓangare. Kamfanin Insomniac ya fitar da wasan a 2018 don PlayStation 4 kaɗai, sai a watan Agusta na 2022 aka kawo wanda aka sabunta, Remastered, zuwa kwamfuta, aikin da kamfanin Nixxes na ƙasar Holan ya yi. Sun yi aikin da kyau. A Play 4 hoto 30 ne a daƙiƙa, a kwamfuta mai ƙarfi kuwa za ka haura 60, kuma idan kana lilo da zaren gizo tsakanin benayen New York bambancin a hannu kake jinsa kafin ido ya gani. Gilasan benaye suna nuna inuwarka, ƙarin babi uku na labarin suna ciki, kana iya zaɓar Faransanci, har masu hikima suna sauya masa kaya yadda suka ga dama.

To amma dubi abin da yake nema. Mafi ƙaranci RAM jiga 8 da katin hoto GTX 950, wannan kuwa don hoto ɗan kaɗan ne da ba zai burge ka ba. Wanda suka ba da shawara shi ne jiga 16 da GTX 1060. Sannan wurin ajiya jiga 75. A nan ne maganar take ga mutumin Yamai, domin wasan kwamfuta ba a faifai yake zuwa ba, sauko da shi ake yi daga shagunan wasanni na intanet, Steam ko Epic. Lissafa forfe nawa za ka ƙone a waya kafin ya kammala, da dare nawa za ka kwana kana leƙa allo. Farashinsa lokacin da ya fito dalar Amurka 60 ne, sama da jaka talatin, kuma sai da katin banki mai biya ta intanet. Akwai masu zuba maka shi a filas da ƴan kuɗi kaɗan, na sani. Wannan na sata ne, ba ya karɓar gyara, kuma na ga kwamfutar da ta tafi da shi tare da rahoton ƙarshen shekara na mai ita.

Faifan Play 4 kuwa ka sa, ya kwafa, ka fara. In ka gama labarin ka sayar, ko ka yi musanya da wasan da ya biyo bayansa, Miles Morales na 2020, shi ma yana ci a Play 4. In Allah ya hore maka Play 5 mai cin faifai daga baya, tsohon faifanka zai yi aiki. Idan za ka sayi na hannu a Babbar Kasuwa ko wajen masu gidan wasa, kar ka yarda da wasan ƙwallo a matsayin gwaji. Sa su saka Spider-Man ɗin, ka yi minti ashirin kana yawo cikin gari, ka saurari fankar. In ta ɗauki ƙara kamar injin niƙa, ƙurar hunturu ta cika ta, kuma zafin Afrilu da Mayu zai ƙarasa ta. Juya sandunan manet ka sake su, ka ga ko jarumin yana tafiya shi kaɗai. Ka duba bayan kwalin faifan ka ga harsunan da ke ciki, don ba kowane ne ke da Faransanci ba.

Wuri ɗaya kwamfutar hannu ta kayar da Play: ɗaukewar wuta. Kuran ya tafi, Play ta mutu nan take, wani lokaci har ajiyarka ta lalace, don haka sa kuɗin ondilar, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, cikin lissafi. Kwamfuta tana da batir, za ka samu ka ajiye inda ka tsaya, ko da yake ƙarfinta yana raguwa da zarar an cire caja.

Wasu za su ce Batman fa? Wasansa Arkham Knight na 2015 shi ne abin da ya koya wa mutane tsoron sayen wasan kwamfuta ranar fitowarsa. Ya fito a watan Yuni yana sarƙewa, har kamfanin Warner ya janye shi daga kasuwa cikin ƴan kwanaki, bai dawo ba sai Oktoba. Yanzu ya gyaru sosai, jiga 45 yake nema, kuma Steam kan karya farashinsa lokacin rangwame. Ni dai motar nan tasa da ke rikiɗa tankar yaƙi ta gundure ni, kullum dare, kullum ruwan sama. Mai ƙaramar kwamfuta ya nemi Arkham City na 2011, ya fi sauƙi, kuma a wurina ya fi daɗi.

Spider-Man 2 kuwa ka ajiye shi gefe in ba ka da Play 5. Na kwamfuta ya fito a Janairun 2025, yana neman jiga 140 da RAM 16.

Wanda ya riga ya mallaki kwamfuta mai katin hoto saboda aikin zane ko haɗa bidiyo, kuma yana da wifi a gida ko ofis, ya sayi na Steam. In bai yi ba suna mayar da kuɗi, muddin bai wuce awa biyu yana wasa ba cikin kwana 14. Ƙanena dai Play 4 ta hannu muka ɗauko, da manet biyu, kuma na biyun yanzu a ɗakina take kwana.