Rumfar ruwan zafi ta Karlovy Vary

Mahaifina magini ne, tun ina yaro na saba duba ginshiƙi kafin in duba wanda ke zaune a ƙarƙashinsa. Shi ya sa da na samu hutu a birnin Prague na ƙasar Cek, na hau bas, tafiyar kusan awa 2, zuwa garin Karlovy Vary don in ga rumfar da suke kira Mlýnská kolonáda, inda mutane ke zuwa shan ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa don neman lafiya.

Ba a biyan kuɗin shiga, ruwan ma kyauta ne. Abin da za ka saya shi ne ɗan kofin tangaran mai hanci kamar na butar shayi, ta hancin ake tsotsa. Ku saya, ya cancanci kuɗinsa. Ruwan yana fitowa daga ƙasa da zafin da yawanci ya haura digiri 50, kuma kafin ya bi hancin ya iso baki ya ɗan huce.

Ginin ne ya tafi da ni. Josef Zítek ya zana shi, aka yi shekara 10 ana aiki, daga 1871 zuwa 1881. Tsawonsa mita 132, faɗinsa mita 13 kacal, ginshiƙan dutse 124 a jere a bakin kogin Teplá. Da farko na ce wannan siririn abu fa? Sai da na cika kofi na bi bayan wasu tsofaffi sannan na gane. Likitocin garin sukan ce a sha ruwan kaɗan-kaɗan ana tafiya a hankali, to an yi rumfar ne daidai da wannan tafiyar. Maɓuɓɓuga 5 ne a ciki, kowace da ɗan kwaminta da allon sunanta da ma'aunin zafinta. Kafin ka taka daga wannan zuwa waccan, kofinka ya ƙare. Aka tsuge da ruwan sama ina ciki, ko ɗigo bai taɓa ni ba, ga iska tana ratsawa ta tsakanin ginshiƙan tana kwashe tururi. A saman rufin akwai mutum-mutumi 12, kowanne na wakiltar wata ɗaya na shekara. Ban daɗe a kansu ba, hankalina yana kan yadda aka haɗa dutse da dutse har da ƙyar ake ganin gaɓa.

Ɗanɗanon kuwa, wanda ya taɓa shan ruwan kanwa ya san hanya: gishiri-gishiri, da ƙarnin ƙarfe. Kada ku cika ciki da shi a rana ɗaya, yana saki.

Ku je da sassafe, kafin masu yawon buɗe ido su cika wurin. A lokacin ba ka jin komai sai zubar ruwa a kwami da takun tsofaffi. Na ɗauki hoton kan ginshiƙi ɗaya mai sassaƙen ganye na tura wa Baba, ya bugo waya yana tambayata da wane irin ƙarfe suka sassaƙa shi.