Hattara da mai sayar da ajiyar wasa yana neman kalmar sirrinku

'Yan gem, musamman masu na'urorin PlayStation PS3 da PS4 da aka fasa (wato aka cire musu takunkumin kamfanin Sony), ku saurara. Akwai wani da ke tallar ajiyar wasa, wato fayil ɗin da ke riƙe inda ka kai a wasa, wadda aka gama komai a cikinta: matakai duk a buɗe, makamai da motoci ba iyaka. Ƙanena ya faɗa hannunsa makon jiya.

Da gaskiya yake fara yaudarar. Ajiyar wasa a waɗannan na'urori ɗaure take da akawun ɗin mai ita. A PS3 lambar akawun tana cikin fayil ɗin PARAM.SFO, kuma wasu wasannin ma an hana kwafe ajiyarsu sam. A PS4 a kulle ajiyar take gaba ɗaya. Ka sa ta wani a filasha ka kawo, na'urarka za ta ƙi ta. Sai an sake mata sa hannu, wato a ɗaure ta da lambar akawun ɗinka.

Nan ya kafa tarkonsa. Bayan yaron ya biya, sai mutumin ya ce wai sa hannun ba ya yiwuwa sai da imel da kalmar sirrin PSN, wato akawun ɗin intanet na PlayStation. Yaron ya tura. Can sai ga saƙo a waya ɗauke da lambar tabbatarwa, mutumin ya ce: "Turo da sauri kafin ta mutu." Ya turo. Kafin ya ajiye wayar an canza imel ɗin, an toshe shi, wasannin da ya saya da kuɗinsa sun tafi tare da akawun.

Ƙarya ce tsagwaronta. Sake sa hannu ba ruwansa da kalmar sirri. Abin da ake buƙata lambar akawun ce mai haruffa da alƙaluma 16, ita kuwa ba ta buɗe ƙofar kowa. Abin haushin ma, manhajar Apollo Save Tool kyauta ce, a kan na'urar da aka fasa take aiki, ta sa wa ajiyar hannu da akawun ɗinka ba tare da kowa ya shiga tsakani ba.

Fayil ɗin da mutumin ya turo ma na duba shi. Sunan foldar da BLUS ya fara, na Amurka ke nan, faifan ƙanena kuwa BLES ne, na Turai. Ko da an sa mata hannu, a haka wasan ba zai gan ta ba. A ciki kuma har da wata manhajar kwamfuta da ya ce a kashe rigakafin birus kafin a buɗe ta. Ban taɓa ta ba.

Yana kuma rantsuwa cewa za a hau intanet da ajiyar lafiya lau. Wanda ya shiga PSN da fasasshiyar na'ura, Sony na iya rufe akawun ɗinsa da na'urar baki ɗaya.

Jiya na sake ganin tallar. Ya canza suna, amma hoton allon da ke nuna an gama wasa 100% shi ne dai bai canza ba.