Gargaɗi kan masu sayar da garin da wai yake mayar da tsoho yaro

Jama'a, duk mai dattijo a gida ya daure ya karanta wannan.

Wata uku da suka wuce wata maƙwabciyarmu ta ja Hajiya, mahaifiyata, zuwa wani taro a otel, wai na duba lafiya kyauta. A can aka miƙa mata wani ɗan ƙarfe mai waya da aka jona da kwamfuta, aka ce ta damƙe. Ko minti biyu ba a yi ba sakamako ya fito: wai hantarta ta gaji, ƙodarta ta fara taɓuwa, jikinta ya girmi shekarunta. Ba a ɗebi jini ba, ba a karɓi fitsari ba, ko awon hawan jini ba a ɗaura mata a hannu ba. Magani kuwa yana nan kan tebur yana jira: wani gari a 'yan ledoji, ana zuba shi ƙarƙashin harshe da asuba. Suna ce masa sitem sel. Suka ce yana sabunta ƙwayoyin jiki, mai shansa zai iya kai shekara 150.

Kuɗin adashinta kaf ya tafi a kwali biyu. Da a nan abin ya tsaya da na haƙura. Mai sayarwar ya ce mata maganin asibiti guba ne, idan ta haɗa su garin ba zai ci ba. Sai ta ajiye maganin hawan jinin da ta shekara takwas tana sha, ba ta gaya wa kowa ba. Ƙanwata ce ta tarar da ita zaune a kan sallaya ta dafe ƙeya, tana cewa, "Ke, kunna fitila mana," alhali rana tsaka ne. Kwana huɗu muka yi a asibiti. Allah Ya taƙaita, ba ta kai ga shanyewar ɓarin jiki ba.

Abin da ke sa mutane faɗawa tarkon shi ne suna ɗauko gaskiya su jingina ƙaryarsu da ita. Ƙwayoyin asali, wato sitem sel, ƙwayoyin jiki da ke iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyin, akwai su, kuma da su ake dashen ɓargo ga masu sikila da sankarar jini. Amma wannan aikin asibiti ne, da ƙwayoyi masu rai, bayan an gwada an samu wanda jininsa ya dace, kuma sai majinyaci ya yi makonni a killace. Busasshen gari a leda ba shi da ƙwaya mai rai ko ɗaya. Galibi daga tsirrai ake haɗa shi, irin su tuffa da inabi, kuma ƙwayar tuffa ba ta rikiɗa ta zama hantar mutum. Ciki zai narkar da shi yadda yake narkar da tuwo. Ko ta allura ma akwai haɗari: a 2017 likitoci suka wallafa labarin wasu tsofaffin mata uku a Florida ta Amurka da ganinsu ya lalace bayan wani asibitin kuɗi ya yi musu allurar irin waɗannan ƙwayoyi a ido.

A taron har hoton masanin kimiyya Shinya Yamanaka na Japan suka haska a bango. Gaskiya ne a 2006 ya nuna ana iya mayar da ƙwayar jikin ɓera da ta manyanta ta koma ƙwayar asali, ya kuma samu lambar Nobel a 2012. Amma a ɗakin gwaje-gwaje ya yi, kuma babban abin da masana ke tsoro a wannan hanya shi ne ta haifar da ƙari a jiki. Bai haɗa wa kowa garin sha ba. Kamfanin magunguna na GlaxoSmithKline ma ya zuba dala miliyan 720 a 2008 ya sayi wani kamfani mai bincike kan sinadarin fatar inabi da ake fatan zai rage tsufa, zuwa 2013 ya rufe ofishinsa ba a samu maganin ba. Wadda ta fi kowa tsawon rai bisa takardun da aka tantance ita ce Jeanne Calment ta Faransa, ta rasu a 1997 tana da shekara 122. To ina mai leda ya samo 150?

Za su nuna muku lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Ko da lambar ta gaske ce, ku juya kwalin ku karanta ƙananan rubutun. A kan kayan tsirrai da yawa za ku ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Ku shiga ɗakin iyayenku yau, ku ɗauko ledar magani ku ƙirga ƙwayoyin da suka rage. Da mun yi haka da mun gane tun makon farko. Idan kun ga irin garin nan, ku kai wa likitansu ya gani, ku kuma kai ƙorafi ofishin NAFDAC na jiharku.

Maƙwabciyar tamu ban iya yi mata faɗa ba. Ita ma cewa aka yi ta kawo mutum biyu, su ma su kawo bibbiyu, za ta samu mota. Ta sayar da ɗan kunnenta na gwal ta yi rajista. Da ta zo gaida Hajiya kuka take yi, kuma har yanzu kwalaye shida na nan jibge a ƙarƙashin gadonta.