Wata huɗu ina ganin mai ba da shawara ta manhaja, ga abin da na gani

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. Sabis ne na ganin ƙwararru kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta waya, bidiyo kol sau ɗaya a sati, minti 50. Ba zan kama sunan manhajar ba tunda akwai ƙorafina a ciki.

Abin da ya kai ni, mun yi sa'insa da babana na faɗa mai maganganun da ba su dace ba, kafin in koma in ba shi haƙuri Allah ya yi mai rasuwa. Shekarata 24. Kowa cewa yake ai ya yafe miki ki daina kuka, ni kuma matsalar ba shi ba ne, ni ce na kasa yafe wa kaina, har ta kai in na kwanta da dare tunanina kawai gara ba na duniyar.

Da kin yi rajista za su ba ki fom mai tambaya 9, PHQ-9 suke ce mai, ta ƙarshen ita ce ko a sati biyun nan kin ji gara ki mutu. Na ɗauka za a wuce wurin. Matar da aka haɗa ni da ita ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce "kina tunanin kashe kanki?" wallahi sai na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji, ita ce ta farko da ta tambaya ba tare da ta razana ko ta hau ni da faɗa ba. Ranar muka rubuta tsarin kare kai: alamomin da nake gani in abin zai taso, wa zan kira, me za a ɗauke daga kusa da ni.

Inda suka fi burge ni kam maganar yafiyar ce. Ba ta matsa min ba sam. Ta ce yafe wa kai ba wai ki ce ba ki yi laifi ba ne, ki amsa laifin ne gwargwadonsa ki daina yanke wa kanki hukuncin da ya fi shi girma. Ta ba ni labarin Everett Worthington, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka da ya yi shekaru yana bincike kan yafiya, aka kashe mahaifiyarsa ya iya yafewa, amma da ɗan'uwansa ya kashe kansa a 2005 sai yafe wa kansa ya zame mai aiki. Na yi kuka sosai da na ji.

Ƙorafina: kol ɗin na yankewa wani lokaci ana tsakiyar magana mai nauyi, kuma in kin tura saƙo cikin dare sai gobe a amsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 720,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma shi ne na uku wajen kashe 'yan shekara 15 zuwa 29, to ya kamata a ce akwai mai amsawa da ƙarfe biyun dare mana. In abin ya taso miki yanzu-yanzu kar ki jira manhaja, ki tashi wani na kusa da ke, ki kira layin gaggawa ko ki je asibiti.

Tauraro 4 cikin 5 na ba su. Matar da aka haɗa ni da ita ta sa ni rubuta wa Baba wasiƙa, sati uku ke nan ina kai, jiya na cika shafi na biyu, ranar Laraba zan karanta mata.