Tsohuwar ƙaramar jif a Kumasi: abin da take ci a aljihu

Masu tambaya ta ko su sayi irin ƙananan jif ɗin nan, su RAV4, CR-V, Tucson, X-Trail da 'yan uwansu, ga nawa ra'ayin. Tawa 'yar Japan ce ƙirar 2008, fetur, otomatik, mai jan ƙafa huɗu, hom-yus (wadda aka yi amfani da ita a waje) daga Amurka ta shigo ta tashar jirgin ruwa ta Tema. Ina sonta kam, ta kai ni Tamale ta dawo da ni lafiya, kuma tsayinta daga ƙasa na da amfani idan ruwa ya ɓata lungunan Aboabo da Sawaba. Amma wanda duk kuɗinsa zai ƙare a wurin saye, ba abin da ya ajiye na gyara, gara ya haƙura tukuna.

Inji da giya ba su cika damuna ba, ƙafafu ne ke cin kuɗi. Bushin, bol-join, tayarod, shoka, da ɗan linkin nan da ke ƙwanƙwasa ƙwas-ƙwas in ka hau gargada. Roba ce ta tsufa kuma hanyarmu ba ta raga mata, to in ɗaya ya mutu ka ƙyale shi sai ya ja na kusa da shi, daga nan taya ta fara cinyewa gefe ɗaya sitiyari na rawa. Gyaran gaba da na yi na ƙarshe, shoka biyu hom-yus da bushin da linki da ladan masta da alaimen, ya ɗan haura sidi 2,000. Kar ka riƙe wannan a matsayin farashi, kayan mota dala suke bi, wanda ya sayi kaya a Suame Magajin, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a Kumasi, a 2022 lokacin da sidi ya faɗi ya san yadda kuɗin safe ke bambanta da na yamma.

A Magajin kaya kashi uku ne: sabo na asali mai tsada, hom-yus da aka ciro daga motar waje, sai sabo mai araha a kwali mai ƙyalli. Na ukun nan a bushin da bol-join wata nawa ne ya sake kuka, ka kuma biyan ladan aiki. Ni yanzu masta na cire abin da ya lalace sai in sa a leda in tafi da shi da kaina, a ajiye shi gefen wanda za a ba ni a gwada ramin noti da tsayi, in shoka ce in danna ta da hannu in ga ko tana dawowa a hankali, in duba ko mai na tsatsa a jikinta. Kuma a yi magana tun farko, in bai hau ba zan dawo da shi.

Sai zafi, nan ne mutane ke kashe injinsu da hannunsu. Saman lagireto roba ne, shekaru na tafiya yana tsagewa, ruwa na zuba kaɗan-kaɗan ba ka sani ba sai ranar da ka maƙale a cunkoson Kejetia allura ta haye. Wani fita (makanike) da na fara zuwa wurinsa cewa ya yi “Alhaji a cire tamostat ɗin nan, na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye.” Ban yarda ba. Aikin tamostat shi ne riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, in babu shi inji na daɗewa bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur. Haka zuba ruwan leda zalla maimakon kulan (ruwan sanyaya inji na musamman), tsatsa yake kawowa ya toshe hanyoyin ruwa ya ci famfo. Lagireto da tamostat da kulan gaba ɗaya ba su kai abin da za ka kashe in gaskit ya ƙone aka kai kan inji wurin masu gogewa ba.

Baƙin mai tana ɗan sha, ringi ya tsufa, duk Juma'a da safe nake zaro sanda in duba. A lura ma, motar Amurka mil take ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wanda ke jiran 5,000 a allo kafin juye ya yi kilomita 8,000 ke nan.

Esi (na'urar sanyaya cikin mota) kuwa kwamfireso ya taɓa tsayawa, shi ma ya ci kuɗi, don sai da aka wanke layin duka kafin a sa wani, in ba haka ba ɓurɓushin tsohon ya kashe shi.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne jan ƙafa huɗun. Tana son tayoyi huɗu girma ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya, mu kuma mun saba sayen taya hom-yus ɗai-ɗai kowace da irinta, to bambancin nan na wahalar da difiranshal na baya (abin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya) har ya fara gurnani. Wasu sai su cire dogon shaf ɗin da ke kai ƙarfi baya su bar ta tana ja da gaba kawai, su sayar ma ba su faɗa ba. Don haka kafin ka biya a hau da ita kan rami ka leƙa ƙasa da tocila: shaf na nan? Katalis (matatar hayaƙi) na cikin salansa ko an fasa an kwashe? Sannan tsatsa, motar da ta fito daga jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sama fes ƙasa duk ta ruɓe, noti ma karyewa yake in an zo kwancewa.

Fetur tana sha fiye da ƙaramar salun, a cikin gari musamman, ba mota ba ce ta mai lissafin kowace lita. Ga mai iyali da ke fita ƙauye ko mai ɗan kaya, in ka samu masta ɗaya mai amana ka tsaya a wurinsa, ta isa saye. Na gaba a layi a wurina injin-mawun ne (robar da inji ke zaune a kai), ta fara karkarwa in na tsaya a danja da giya a ciki, masta ya ce a bari sai ƙarshen wata a haɗa da birkin baya kafin sabunta rodwodi (takardar lafiyar mota) a DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci.